Cigiyar Jinka

Guguwar ta zo ne bayan la'asar, a farkon damina, cikin shekarun nan da soja suka koma bariki aka kuma ƙaddamar da Shari'a a Kano. Mu a cikin garin Rano ba ta yi mana wata ɓarna ba, shanyar mutane kawai ta kwashe, ta karya reshen darbejiyar ƙofar gidana. A ƙauyukan da ke tsakanin Rurum da Kibiya ta sauke fushinta. Na ga iska iri-iri a shekarun da na yi ina tuƙa babbar mota. Na ga ta Sudan mai tahowa kamar katangar jar ƙasa, na ga ta bakin teku a Gana mai zuwa da ruwa a kwance. Waɗannan duk tura abu suke yi gaba. Tamu kuwa murɗawa ta yi, kamar mace na matse wanki, ta ɗaga abu sama ta je ta ajiye shi inda ta ga dama.

Washegari bayan asuba liman ya ce ana neman masu taimako. Na wuce sittin a lokacin, gwiwata ta hagu kuma ta daɗe da daina bin umarnina, amma na ɗaga hannu. Da hantsi ina bayan ɗan acaɓa, mun bar kwalta mun kama hanyar burji.

Ƙauyen da aka kai mu bai yi kama da ƙauye ba. Katangu sun zube, kwanon rufi ya nannaɗe a jikin ɗorawa kamar tabarma. An riga an tafi da waɗanda suka ji ciwo asibitin Rano. Na leƙa wani gida na ga wata mata tana share ɗakin da ba shi da rufi, tana sharewa da kyau har lungu-lungu. A wani gidan madafar ta tafi gaba ɗaya, amma tukunyar miya na nan kan murhu, da murfinta. Ba a kuka. Mutane sun gama kukansu jiya, yau kowa tsintar nasa yake yi.

Aikin yana hannun 'yan agaji, samari masu kaki da usur a wuya. Shugabansu, wanda suke kira Kwamanda, tela ne a kasuwar Rano, shi ya ɗinka mini rigar sallar bara. Mutum ne mai tsare gida, ranar kasuwa kuma shi ke ɗaukar lasifika yana wa'azi kan tauye mudu da shan taba. Ya dube ni, ya dubi gwiwata.

"Baba, kai ka samu inuwa ka zauna, ka riƙa yi mana addu'a."

"Wace inuwa? Ga ta can a kwance a kan masallaci."

Da ya ga ba zan zauna ba, sai ya tambaye ni shawara, don girmamawa kawai. Ni kuma na ɗauka da gaske yake.

Abin da ya fi damun mutane a ranar shi ne rumbuna. Rumbun ƙasa ne, sun tsaya da ƙafafunsu, amma iska ta cire musu jinka, ta bar hatsi yana kallon sama. Da yawa daga cikin jinkayen sun wargaje, wasu kuwa sun sauka lafiya a gonaki, suna zaune daram kamar bukkokin da suka nutse cikin ƙasa. Da an bar mutane, kowa zai bi layin da iska ta bi daga gidansa, ya tarar da tasa, ya kira maƙwabta su ɗauko. Haka kakanninsu suka yi. Amma ni na taɓa ganin aikin agaji bayan ambaliya a Hartum ta Sudan, inda ake tara komai wuri ɗaya kafin a raba. Na faɗa wa Kwamanda haka, har na haɗa da kalma biyu ta Larabci. Ya hura usur. Aka ce a kwaso duk jinkar da aka gani, a kai filin firamare.

Ɗaukar jinkar rumbu mutum shida ne. Su shiga ƙarƙashi, su ɗora bakin a ka, ciyawa ta sauko musu har ƙirji. Daga nan babu mai ganin komai sai ƙafar ɗan'uwansa. Dole a samu wanda zai zama musu ido, aka ce ga aikin Baba ya samu.

Na sha juya tirela da baya a tashar jirgin ruwa ta Ikko, na kuma sha nuna wa wasu hanya da hannu. A nan hannu ba shi da amfani. Na ce, "Ku yi dama." Su kuwa a da'ira suke tsaye, kowa da inda damarsa take. Jinka ta juya a wuri ɗaya, a hankali, kamar amarya na nuna zane. Na ce, "To ku yi gabas." Bamanomi ko a cikin rijiya ya san gabas, amma waɗannan sun riga sun yi juyi uku. Daga ciki na ji ana gardama.

"Gabas tana bayanka."

"Bayana kai ne, kuma ka taka ni."

Wani jaki da ke ɗaure a gindin kuka ya ga ɗaki mai ƙafa goma sha biyu ya nufo shi, ya tsinke igiya, ba a same shi ba sai a Yalwa. Matan da ke tsintar kwanukansu suka zauna a ƙasa don dariya, ita ce dariyar farko da na ji a garin. A ƙarshe na samu wani guntun kwanon rufi, na ɗaura masa igiya, na shiga gaba ina jan sa a ƙasa yana ƙara, su kuma suna bin ƙarar. Haka muka yi ta yi. Sau ɗaya kawai na manta na ratsa ta bakin kududdufi, wannan kuma samarin sun yafe mini daga baya.

Kafin azahar jinka tara na jere a filin makaranta. Na tsaya ina kallonsu, na ji daɗi a raina. Ko a Hartum ban ga layi mai kyan wannan ba.

Bayan salla mutane suka taru, nan take rigima ta tashi. Magidanta biyu suka kama jinkar da ta fi sabunta, kowa ya ce tasa ce, kowa ya rantse. A gona da ba za a yi wannan ba, domin inda jinka ta faɗi shi ke nuna gidan da ta fito. Ni na share wannan shaidar da guntun kwanona.

Aka kira Malam, mai koyarwa a Islamiyyar garin, siririn mutum mai magana a hankali. Ya saurari kowa, ya zagaya jinkayen, sannan ya ce tun da an ɗauke su daga inda suke, an kawo su nan, to sun zama tsintuwa. Tsintuwa kuwa amana ce a wuyan wanda ya tsinta, ba a ba kowa sai an yi cigiya, mai ita ya faɗi alamarta kafin ya duba.

"Wa ya ce a tsinto su?" in ji Malam.

Babu wanda ya ambaci sunana. Juyowa kawai suka yi.

A shekarun nan mutane na ɗokin yin komai bisa ƙa'ida, ba wanda ya yi musu. Wani ɗan agaji ya ɗauki lasifika ya zagaya gari yana cewa an tsinci jinka tara, mai ita ya zo filin firamare. Garin babu kowa, duk suna filin firamare, amma ya zagaya har sau biyu.

Aka sa masu nema suka juya wa jinkayen baya. Malam ya zauna a kan bencin 'yan aji ɗaya, gwiwoyinsa har haɓa.

"To, Alhaji, siffanta taka."

"Allah gafarta Malam, ta ciyawa ce."

"Na'am. Sai me?"

"Samanta tsini, ƙasanta faɗi."

"Alhaji, wannan siffar duk jinkar da ke duniya ce."

Sannu a hankali suka gane abin da ake so. Wani ya ce ya kife fasasshen tulu a kan tsinin tasa. Wani ya ce gefen tasa ya taɓa kamawa da wuta ranar da yara suka gasa gyaɗa. Wani ya ce duma ya hau tasa bara, busasshen yaɗon na nan. Mai sabuwar jinka ya ce ya ɗaure tsaikon da wayar birkin keke, aka duba aka gani, abokin rigimarsa ya ce dama shi kama ta yi masa. Ana cikin haka kansila ya iso da mota, ya jajanta, ya ce tun da yanzu dimokuraɗiyya ake yi, me zai hana a ɗaga hannu a kan kowace jinka, mai rinjaye ya ɗauka. Malam ya ce dukiyar mutum ba ta zama ta wani don an fi shi dangi. Kansila ya ce haka ne, ya ƙara jajantawa, ya tafi.

Jinka shida suka tafi gidajensu. Saura uku, kuma ba wanda ya fito. Ukun nan kamar an haife su rana ɗaya, domin hannu ɗaya ya yi su, wani tsohon mai baibaya da ya rasu bara. A lokacin ne na lura gabas ta fara haɗa baƙi.

Wata mata ta matso ta ce wa Malam rumbun Inna a buɗe yake. Ta nuna bayan aji, inda wata tsohuwa ke tsaye ta ba filin baya, ta lulluɓe kai. Ina juyowa na ga Kwamanda ya sunkuya yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Matar ta raɗa mini cewa Inna ce ta haifi matarsa, 'yarta ta fari. Tun da aka ɗaura aure bai taɓa kallon fuskarta ba, ita ma ba ta taɓa yi masa magana kai tsaye ba. In sun yi kiciɓis a hanya, shi ya faɗa gona, ita ta faɗa ɗaya gonar. Na zauna da mutane iri-iri, na ga inda suruka ke zaunar da mijin 'yarta ta zuba masa shayi suna hira. A nan kuwa ko gobara ake yi, sai an nemi ɗan aike. Aka aike ni.

Na yi sallama. Ta ɗan waiwayo, ta ga zanen da ke fuskata, gadon mahaifiyata.

"Af, ashe Babarbare ne ya kwashe mana jinka. Dama na ce wannan ba aikin mai hankali ba ne."

"Bafillatana da rumbu, Inna? Shanun sun ƙare ne?"

"Sun ƙare tun da muka fara ba bayinmu irinku kiwo."

Na mayar mata da Fulatancin da na koya a Garwa ta Kamaru. Ta dube ni sosai, ta ce Fulatancina kamar na mai sayar da gishiri, amma za a iya fahimta. Daga nan da shi muka yi magana, don na kusa da mu ba sa ji.

Ta ce abin da ke rumbun ba na ci ba ne kawai. Iri ne. Wata dawa ce, kaura mai saurin nuna, marigayi mijinta ya yi shekaru yana zaɓar zangarniyarta ɗaya-ɗaya, babu mai irinta a yankin sai wanda ta ba. Tun rasuwarsa ita ke shukawa, ita ke ware na baɗi. Bana ba ta kai ga shuka ba, tana jiran ruwa ya kama. In ruwan nan ya sauka cikin rumbu, iri zai tsiro ko ya yi fumfuna, cikin rumbun ma ya narke. Na ce a kwashe mana. Ta ce a kai ina, ɗakinta ma sama yake kallo, tamfol ɗin da aka kawo kuma an ba masu ƙananan yara. Ta ɗora tabarma da zane a bakin rumbun, amma iskar farko za ta ɗauke.

"To faɗi alama, Inna, a kai miki jinkarki."

 Ta ce daga waje ba ta san ta ba, shekara nawa rabon da ta ɗaga kai ta ga tsini. Daga ciki ta san ta, in ta tokare gefe ta hau tsani.

"Me ke cikin?"

"In na faɗa maka, ka faɗa wa wancan mutumin, Allah ya isa."

Batta ce. Battar garin taba, ta cusa a cikin tsaiko ta ɗaure da zare. Tun da mijin 'yarta ya fara wa'azin taba da lasifika, ta ɗauke ta daga ƙarƙashin gado ta kai can, inda jikoki ba sa kaiwa.

Na je na raɗa wa Malam. Fuskarsa ba ta motsa ba. Ya ce alamar da aka faɗa a asirce alama ce, ba sai jama'a sun ji ba, shi zai duba da kansa. Ya tuɓe babbar riga ya ba ni, samari suka ɗaga gefen ta farko, ya rarrafa ciki. Jim kaɗan ya fito da ciyawa a gemu, ya matso kunnena.

"Akwai."

Na ce alhamdu lillahi, a ɗauka. Ya ce a'a, adalci shi ne a duba sauran. Ya shiga ta biyu, ya fito.

"Akwai."

A ta uku ya daɗe. Da ya fito sai ya zauna a ƙasa, ya ɗaga mini yatsu biyu.

Sai a lokacin na gane dalilin da ukun nan suka rasa mai su. Na duba cikin taro, na ga dattawa biyu sun ware gefe, sun goya hannu a baya, suna nazarin hadari kamar su aka ba aikin. Ɗayansu daga shigarsa ka san ɗan sahun farko ne. Su ma rumbunansu a buɗe suke, sun zaɓi hatsi ya jiƙe.

Na koma wurin Inna na ce alama ta yi yawa, a ƙara bayani. Wace kala ce battar? Ta ce baƙa. Malam ya ce duka huɗun baƙaƙe ne, hannu ya cinye kalarsu. Zaren fa? Fari ne a da. Na sauran ma haka.

"Sai dai in ɗanɗana," in ji ta. "Haɗina daban ne, ina sa man shanu kaɗan. Ko a mafarki na san shi."

"To zo ki ɗanɗana."

"A gaban gari? A gabansa?"

Iska mai sanyi ta taso, ta ɗaga ƙasar filin. Inna ta gyara lulluɓi.

"A bar shi," ta ce. "Allah ya ba mu, in ya karɓa nasa ne."

Ta juya fuska ga bango. Na ce mata a ɗauki ko wacce a ɗora, daga baya a warware. Ta ce ba za ta rufe irin mijinta da abin da ba ta tabbata nata ba ne, bayan Malam ya ce amana ce. Na tsaya da rigar Malam a hannu, ban san inda zan nufa ba. 

Kwamanda ya zo ya ja ni gefe, idonsa a ƙasa.

"Baba, mece ce alamar?"

"Ba ta kunnenka ba ce."

"Amma tana da ita?"

"Tana da ita. Sai dai ba za ta iya nunawa ana kallo ba."

Ya dubi Malam da ke karkaɗe gemu yana atishawa a hankali. Ya dubi dattawan nan biyu. Ban san abin da ya gane ba, ban kuma taɓa tambayarsa ba. Ya sa usur a baki ya hura da ƙarfi.

"Jama'a, hadari ya taso, aiki bai ƙare ba. Kowa ya fuskanci gabas, za mu roƙi Allah ya jinkirta mana ruwan nan. Maza a gaba, mata a baya. Wanda ya waiwaya ya ɓata mana addu'a."

Jinkayen suna yamma da fili. Gari gaba ɗaya ya juya musu baya, aka ɗaga hannuwa, Kwamanda ya fara da murya mai ƙarfi.

Inna ta taho da sauri, ba ka ce ita ce mai tafiya da sanda ba. Ni da Malam muka ciccibi gefen jinka, ni da gwiwa ɗaya. Kafin mu ankara sai ga dattawan nan biyu sun sulale ta gefen sahu, suna tafe a kan yatsun ƙafa. Babu wanda ya gaisa da wani. Malam ya kwanto battocin ɗaya bayan ɗaya, yana lura da inda kowacce ta fito, ya kawar da kai yana istigfari.

Inna ta lakaci ta farko, ta sa a leɓe, ta yamutsa fuska.

"Wannan taka ce," ta ce wa ɗan sahun farko. "Kanwa kamar za a jiƙa wa doki. Shekara saba'in ba ka iya haɗi ba."

"Rage murya, Inna, don Allah."

Ta biyu tana taɓa harshenta ta lumshe ido, ta dafa jinkar kamar ta ga ɗan da ya dawo daga tafiya. Saura mai batta biyu. Dattijo na biyu ya ɗanɗana ɗaya ya ce tasa ce. Ya buɗe ɗayar ya shinshina, ya tsaya.

"Ta mai ɗakina ce. Shekara uku tana mini gori a kan abin nan."

A can gaba kuwa addu'a ta fara ƙare wa Kwamanda. Ya gama da hadari, ya roƙa wa marasa lafiya, ya roƙa wa mamata, ya shiga shugabanni tun daga mai unguwa har sama. Ya roƙi a gyara hanyar Rurum. Ya roƙa wa 'yan acaɓa haƙuri, teloli kuma cika alkawari. Hannuwan mutane sun fara sauka, amin ɗin tana raguwa. Malam ya karɓi rigarsa ya zura, ya yi gyaran murya mai ƙarfi. Kwamanda ya shafa nan take.

Da aka juyo, Inna na bayan aji inda take, dattawa na kallon sama. Malam ya ce an faɗi alamomi a asirce, ya tabbatar, ta tsakiya ta Inna ce, ta dama ta wane, ta hagu ta wane. Wani ya tambaya yaushe aka faɗa. Aka yi tsawa, ba a ƙara tambaya ba.

Samari goma sha takwas suka rabu uku. Kwamanda ya cire hularsa ya shiga ƙarƙashin ta Inna, a gaba. Na ɗauki igiyar kwanona na fara ja, amma iska ta fi kwanon ƙara, gwiwata kuma ta ce ita ta tashi daga aiki. Jinka ta fara karkata, ta nufi masai na makaranta. Gidan Inna na can ƙarshen gari.

Inna ta ƙwace gaba. Ba za ta ce musu ku biyo ni ba, surukinta na ciki. Sai ta ɗaga murya ta yi irin kiran da take yi wa shanun babanta tana yarinya, dogon kira mai kaifi da ke ratsa iska. Jinka ta tsaya cak, ta juyo, ta bi ta. Tsohuwa na gaba da sanda tana kira, ɗaki na bin ta da gudu-gudu, ni ina can baya ina ɗingishi. A kwanar masallaci ƙafa biyu suka yi tuntuɓe, ta juyo ta daki ciyawar da sanda kamar yadda ake yi wa saniyar da ta ratse. Daga ciki muryar Kwamanda ta ce, "A bi a hankali, jama'a."

Ina isa na tarar tabarma da zanen sun riga sun tafi. An jingina tsani biyu, an samo gwafa, ana tura jinka sama. Ɗigon farko ya faɗo mini a wuya, manya-manya, ɗaya nan ɗaya can. Jinka ta hau a karkace, rabin bakin rumbu a buɗe. Aka yi ta ihun a ja nan, a tura can. Kwamanda ya hau tsani ya sa kafaɗa, ya ɗaga, ta juya kaɗan ta zauna a gurbinta da wani ɗan sauti kamar an rufe tukunya. Ba a yi numfashi uku ba ruwa ya ɓarke.

Babu wurin fakewa, gidan duk ba rufi. Muka tsaya a jikin rumbu mu takwas, ruwan jinka na zuba mana a ƙeya. Inna ba ta yarda ba tukuna. Ta sa aka tokare gefen da iska ba ta bugawa, ta hau tsani da kanta, ta zura hannu har kafaɗa, ta daɗe tana laluba. Ta sauko da zangarniya ɗaya a cikin zane. Ta ce saman ya ɗan sha yayyafi, ba ta san cikin ba. Ta murje ƙwaya uku a tafin hannu, ta kai baki, ta tuna ba ta da abin tauna su, ta miƙo mini.

"Ciza mu ji, Babarbare."

"Inna, turamena na bar su a Jidda, wani likita ya cire."

Ta tsaya da hannu a miƙe. Samarin duk sun koma ɗaya gefen, wanda ke kusa shi ne Kwamanda. Na karɓi ƙwayoyin na zuba masa a hannu. Ya juya mata baya, ita ma ta juya masa. Ya sa ɗaya a baki. Duk da ƙarar ruwa mun ji ta, ƙas, busasshiya. Ya ciji ta biyu, ita ma haka.

Inna ta share fuska da gefen mayafi, ta dubi bangon rumbu ta yi masa magana da Hausa.

"A faɗa wa mutumin nan ya je ya cire rigar nan, ta jiƙe. Kada ya kai wa yarinya mura."